Ɗan Jirgin da Muka Raina

Akwai kalmomi biyu da ake binne masu aikin hannu da su a birnin Zariya, kuma duka biyun da fara'a ake faɗarsu. Ta farko "wasan yara", ta biyu "baiwa". In an tarar da saurayi a zaure ya duƙufa a kan ɗan ƙaramin jirgi yana goge fiffikensa da sanfefa, sai a ce ƙato da shi bai daina wasan yara ba. In kuma wani ya tattaro tarkacen ƙarfe ya haɗa abin da ya yi kama da jirgi, aka ɗauke shi a waya ya zaga Facebook da TikTok, sai a ce wannan yaro Allah ya yi masa baiwa. Na farkon an ba shi kunya ya bari. Na biyun an yi masa tafi, kowa ya kama gabansa. Ta kowace hanya dai gari ya sauke wa kansa nauyin koyar da yaron, ya kuma huta da wahalar koyo daga gare shi.

Abin da muka zo karewa ƙarami ne, har wani zai ce bai kai a ƙona data a kansa ba. Jirgin haɗi muke nufi, wato ɗan samfurin jirgin sama da ake sayarwa a cikin kwali a warwatse, mai saye ya haɗa da hannunsa. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan sun daɗe suna yin sa. In ka buɗe kwalin, gutsattsarin roba za ka gani masu ruwan toka, kowanne maƙale a jikin reshe da lambarsa, sai takardar bayani mai zane-zane, sai 'yan sitikoki. Sauran aiki naka ne. Ka yanko da reza, ka goge bakin, ka gwada kafin ka sa gam, ka cike tsaga, ka shafa fenti, ka jira ya bushe, ka sake shafawa. Wanda ya yi gaggawa zai ga gaggawarsa a tsaye a kan tebur, fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi.

A jikin kwalin akwai wata lamba, yawanci 1:72 ko 1:48, kuma a kanta duk maganarmu ta tsaya. Ma'anar 1:72 ita ce, kowane abu na jirgin gaske an raba shi gida 72. Mutum mai tsawon ƙafa shida ya koma inci ɗaya. In ka kuskure da milimita ɗaya a kan teburinka, ka kuskure da fiye da santimita bakwai a jikin jirgin gaske. Wannan shi ne bambancin samfur da abin wasa. Abin wasa ya yi kama da jirgi ya wadatar. Shi kuwa samfur dole ya amsa wa rula.

Mu ɗauki wanda ya fi suna a cikin jiragen yaƙi masu kai sura, Junkers Ju 87 na Jamus, wanda duniya ta sani da Stuka. Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan mita 13.8 ne. A ma'aunin 1:72 ya koma santimita 19, kamar tsawon tafin hannun magidanci. Me ya sa ake ce masa mai kai sura? A shekarun 1930 babbar matsalar masu jefa bam daga sama ita ce saiti. Jirgi na tafiya a miƙe can ƙololuwa, iska na kaɗawa, bam ya sauka inda ya ga dama. Sai masu ƙira suka ce to a mai da jirgin kansa abin saiti. Matuƙi ya kifo hancin jirgi ƙasa, ya sulalo kusan a tsaye yadda shirwa ke yi wa ɗan tsako, ya saki bam a kusa, sannan ya ɗago.

Duk wanda ya zauna haɗa wannan jirgi, kowane ɗan guntun roba da ya ɗauka zai jefa masa tambaya. Waɗannan siraran faifai biyu da ake mannawa a ƙarƙashin fukafukai fa, na mene ne? Birki ne na iska, don kada gudun sulalowa ya wuce abin da jirgi da matuƙi za su iya ɗauka. Wannan ƙarfe mai kama da gwafa a ƙarƙashin ciki fa? Shi ke tura bam waje kafin a sake shi, domin jirgin da ke fuskantar ƙasa in ya saki bam haka kawai, farfelarsa zai daka. Fiffiken da ya lanƙwashe kamar harafin W kuwa, ya ba da damar ƙafafun sauka su zama gajeru masu ƙwari, tunda ba sa naɗewa. A jikin tagar matuƙi an ja layuka, yana daidaita su da gaɓar sararin sama don ya san iya karkatar da ya yi. Akwai kuma na'urar da ke ɗago jirgin da kanta bayan an saki bam, saboda a daidai wannan lokacin jini na iya sauka daga kan matuƙi idonsa ya rufe. Hatta wutsiya tana da tarihi. Jirgin gwaji na farko, wanda ya tashi a 1935 da injin Rolls-Royce na Ingila, wutsiyarsa mai reshe biyu ce. A watan Janairun 1936 ta gaza a lokacin gwajin sura, jirgin ya faɗi da mutanen da ke ciki, aka koma aka zana masa wutsiya guda.

Yaron da ya manna waɗannan da yatsunsa ya fahimci abin da ɗalibai da yawa ke gama digiri ba su taɓa shi da hannu ba: babu sashen inji da ya faɗo daga sama, kowanne wani ne ya zauna ya zana shi don ya warware wata matsala, kuma wasu gyare-gyaren da rayuka aka saye su.

To, masu cewa wasan yara, ga tambaya. Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan masu gyaran keke da suka tashi jirgi mai inji a watan Disamban 1903, daga ina sha'awarsu ta taso? Daga wani ɗan abin wasa mai tashi sama da mahaifinsu ya kawo musu a 1878. Da gwajinsu ya ƙi ba su abin da suke so, a 1901 suka ƙera akwatin da iska ke ratsawa, suka yi ta gwada ƙananan fukafukai wajen iri 200, suna rubuta sakamakon kowanne. Da ƙananan fukafukan suka gano siffar babban. A 1942 kuma, Amurka na tsakiyar yaƙi, rundunar sojin ruwanta ta nemi 'yan makarantar sakandare su sassaƙa samfurin jirage 500,000 a ma'aunin 1:72, don a koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba tun daga nesa. Ƙasar da ke cikin bala'i ta miƙa wa yara katako da zane, ta ce ku taimaka. Ba ta ce su tashi su nemi abin yi ba.

Mu a nan ba mu rasa irin waɗannan yara ba. Duk wanda ya tashi a Kwarbai ko Babban Dodo ko Limancin Kona ya san yadda kaka ke zuwa da kara. Yara su ɓare shi, su yanka totuwa, su tsaga ɓawon siri-siri, su ƙera mota har da sitiyari da ƙofa mai buɗewa. Masu ƙoƙari su koma kan gwangwanin madara da langa-langa, su yanko taya daga tsohon silifas. A cikinsu akwai masu yin jirgi da farfelar da iska ke juyawa. Me yaron nan ke samu a gida? Tsawa. "Ka cika mana tsakar gida da shara. Tashi ka ɗauki littafi." Kamar dai littafi da reza abokan gaba ne. Yau ko tsawar ma ta ragu, don motar roba ta kasuwa da wayar uwa sun karɓe hannun yaro tun kafin ya san kara.

Abin takaicin shi ne garin da ake yin wannan. Tun 1964 Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take a Palladan, tana horar da matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar sama. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962 da tsangayar injiniyoyinta. Ƙananan jiragen horo na shawagi a kan rufin gidajenmu, yaro a Ƙofar Kuyambana ya ɗaga kai ya bi su da ido har su ɓace. Daga inda yake tsaye zuwa inda suke sauka tafiyar ba ta kai awa guda ba. A faɗa mana, a cikin makarantun da ke cikin ganuwa, nawa ne suke da kwana ɗaya a mako da ake ba yara rula da kwali a ce su zana fiffike su yanka? Ɗalibai na zuwa daga nesa su koyi jirgi a Zariya, ɗan Zariya kuwa rabonsa ƙara.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san cewa babu mai hankalin da ke fara gina babban aiki kai tsaye. Ƙaramin gwaji ake yi, a ga inda ya karye, a gyara, a rubuta abin da aka gyara don na baya. Mai zanen gini haka yake yi da kwali kafin a haƙa harsashi. Kuskure a ƙaramin abu kuɗinsa gam ne da yini ɗaya. Kuskure a babba kuɗinsa makoki.

Yanzu sai kalma ta biyu, wadda ta fi ta farko haɗari saboda zaƙinta. Ba mu musun baiwa, Allah na bayarwa ga wanda ya so. Amma a bakinmu kalmar ta koma nufin abin da ba a koyo kuma ba a koyarwa. Da zarar an ce yaro baiwa gare shi, an cire shi daga sahun 'yan'uwansa, an mai da shi abin kallo. Ba sauran buƙatar a tambaye shi yadda ya yi, tunda ai daga Allah ne. Ba sauran buƙatar a tara masa yara goma ya nuna musu, tunda su ba a ba su ba.

A 2007 labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya zaga duniya, bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da kujerun Toyota, har ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. Namijin ƙoƙari ne, babu mai ƙwace masa wannan. Tun daga lokacin kusan kowace shekara sai an sami wani saurayi a wani gari na Arewa ya fito da nasa. Yadda abin ke tafiya kuwa mun haddace shi. Bidiyo ya fita, a yi ta turawa ana kabbara, wani mai muƙami ya kira yaron a ɗauki hoto, a ba shi ambulan, bayan mako biyu wani labari ya danne. A cikin dubban masu sharhi da wuya ka ga wanda ya tambaya: ina zanen? Nawa ne nauyinsa? Me ya sa fiffiken ya zama wannan tsawon? In ya lalace, za ka iya yin wani daidai da shi? In ka ba ƙaninka takarda, zai iya yi ba tare da kai ba? Abin da ba a auna ba ba a iya maimaita shi, kuma abin da ba a maimaitawa ba ya zama sana'ar gari. Yana mutuwa ne ranar da mai shi ya gaji.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Masallacin Juma'a da ke ƙofar fada, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Bakan gizon da ya ɗaure da azara da ƙasa har yau masana gini a duniya suna nazarinsa. Magina irinsa suna da awonsu da ƙa'idojinsu, amma a hannu da ƙwaƙwalwa ilimin yake, daga uba zuwa ɗa. Sai da wani masanin gini daga ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya zo da takarda da abin awo ya bi gine-ginen gargajiya na Nijeriya yana aunawa yana zanawa, aka kai ga gina kwafin masallacin nan a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Da wani sashe na masallacinmu ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023, duk mai son sanin yadda Babban Gwani ya ɗaura bakansa tun asali, irin wannan awo na cikin abin da zai koma nema. Mun yi shekaru muna cewa Babban Gwani baiwa gare shi, kuma gaskiya muka faɗa. Amma abin da zai isar da aikinsa ga jikoki shi ne rula da takarda.

Kada kuma a ce haƙurin awo ba halinmu ba ne. Ku shiga lungunan birni ku ga masu ɗinkin hannu. Kafin allura ta taɓa babbar riga sai mai zane ya shimfiɗa aska takwas a jikin yadi, layi bayan layi, sannan mai ɗinki ya yi makonni yana bin zanen da zare. Ku dubi yarinyar da ke zana lalle, yadda hannun dama ke fitowa daidai da na hagu. Ido ɗaya ne, natsuwa ɗaya ce da wadda jirgin haɗi ke nema. Waɗannan ba a ce musu wasan yara, saboda ana ganin kuɗinsu ranar kasuwa. Ashe dai ba ƙanƙantar aiki ake rainawa ba, jinkirin ribarsa ake rainawa.

Akwai masu suka da hujjarsu ta fi ta masu tsawa nauyi. Suna cewa haɗa abin da wani ya zana, ya zuba, ya sa wa lamba, ai ba ƙira ba ce, bin umarni ne, kuma mun daɗe muna wannan ba mu je ko'ina ba. Tarihi yana bayansu. Daga 1940, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Alƙahira. Dubban jirage suka bi ta kanmu a haka. A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna da kayan da ake kawowa daga Faransa. Jirgin horon nan Air Beetle da aka yi ta alfahari da shi, samfurin RV-6A ne na wani kamfanin Amurka da ke sayar da jiragensa a warwatse, aka haɗa guda 60 a Kaduna domin sojin sama. Bayan duk wannan, a 2021 muka karɓi Super Tucano guda 12 a kan kuɗi wajen dala miliyan 500. Zanen aro dai bai rufe katara ba.

Mun yarda da tarihin, ba mu yarda da hukuncin ba. A makarantar allo malam ne ke rubuta wa ƙaramin almajiri, yaro ya bi da yatsa, daga babbaƙu zuwa farfaru, har ranar da zai riƙe alƙalami da kansa. Babu wanda ya taɓa cewa wannan mataki ɓata lokaci ne. Abin kunya shi ne almajiri ya yi gemu malam na rubuta masa allo. Laifinmu a Kaduna tsayawa ne a matakin farko shekara da shekaru, ba tare da tara masu tambayar dalilin kowace kusa ba. Jirgin haɗi allon farko ne. Na biyu, ka auna sassansa ka zana su a takarda da hannunka. Na uku, ka ajiye roba ka yanko su daga kwali da kara da gwangwani a ma'auni guda. Na huɗu, ka canja wani abu, ka faɗi dalilinka.

Wannan kuma ya amsa maganar tsada. Gaskiya ne abin da ake saye da dala ya fi ƙarfin yawancin gidaje a yau. Amma aji guda ba ya buƙatar kwali arba'in. Ɗaya ya isa ya zama malami, a haɗa shi a gaban kowa, a auna shi. Zanen waɗannan tsofaffin jirage ta gaba da ta gefe da ta sama yana nan a intanet kyauta. Kwalin taliya da na sabulu kuwa a bola muke zubar da su.

Suka ta ƙarshe ita ce mafi zafi. Za a ce, duk jiragen duniya a rasa wanda za a sa a hannun yaro sai na Hitila? Jirgin da aka ƙera don kisa? Ba za mu wanke Stuka ba, ba shi wankuwa. Da asubahin 1 ga Satumba 1939 jiragen nan suka afka wa garin Wieluń na Poland mutane na barci, har asibitin garin bai tsira ba. A jikin ƙafar saukar wasu daga cikinsu akwai 'yar ƙaramar farfela, wadda mai haɗawa zai riƙe da hantsaki ya manna. Jiniya ce. Ba ta ƙara wa jirgi gudu ko saiti, aikinta kawai ta firgita na ƙasa kafin bam ya iso. Gwamnatin da ta yi odar wannan jirgi kuwa ba ta ɗauki baƙar fata cikakken mutum ba. A watan Yunin 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama suna yi wa Faransa yaƙi, suka karkashe su. Samarinmu da ke ɗora hoton Hitila a shafukansu suna kiransa gwarzo, su karanta wannan tukuna. A Jamus kanta doka ta hana baje tambarin 'yan Nazi, shi ya sa kwalaye da yawa ke zuwa babu wannan sitika. Wanda ya haɗa jirgin bai san wannan tarihi ba, rabin aiki ya yi.

Wanda zuciyarsa ta ƙi Stuka kuma yana da zaɓin da ya fi kusa da gida. Barikin Chindit da ke nan Zariya sunan rundunar da bataliyoyin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a dajin Bama a 1944 ya ci. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa, sun yi yaƙi a yankin Arakan, inda wani jirgi mai kai sura ƙirar Amurka, Vultee Vengeance, ya yi aiki a ɓangaren Ingila. Shi ma akwai samfurinsa. Jikan ɗan Bama da ya haɗa shi ya riƙe wani yanki na tarihin gidansu a tafin hannu. Mai ƙyamar ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa a kwalin kuma, ya bar kujerar babu kowa, jirgi dai ba mai rai ba ne.

Amma kau da ido daga jirgin yaƙi bai taɓa kare kowa daga gare shi ba, kuma mu a jihar Kaduna ba labari aka ba mu ba. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Kafin nan, a 17 ga Janairu 2017, jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno, fiye da mutum 100 suka rasu. Masu ƙera Stuka sun warware yadda bam zai sauka inda matuƙi ya nuna. Sanin ko wane ne a wurin da aka nuna kuwa, har yau da kyamara da kwamfuta ana kuskurensa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana bincike. Al'ummar da ta san yadda waɗannan injuna ke aiki tana iya tsayawa ta tambaya: daga wane nisa aka hango su? Me kyamarar ke iya bambancewa da dare? Wa ya tabbatar daga ƙasa kafin a danna? Wadda ke kallon jirgi kamar aljani kuwa, iyakarta jaje da karɓar buhun shinkafa. Irin waccan sani ba a fara shi ranar da aka zama sanata. A kan tabarma ake fara shi, da reza da rula.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin garin nan. Iyaye, in kun ga yaro ko yarinya da kara da reza, ku ba su kusurwa ɗaya a tsakar gida, ku saya musu rula, ku tambaye su tsawon abin da suka yi. Shugabannin makarantu, daga Alhudahuda da Barewa har makarantar 'yan mata ta Ƙofar Gayan da islamiyyun unguwa, ku ware yammaci ɗaya a mako. Ɗaliban Palladan da na Samaru, ku shigo birni ranar Asabar, ku zauna a ƙasa da ƙannenku ku nuna musu dalilin da ya sa fiffike ke ɗaga jirgi. Masu hali da ke neman yaron bidiyo don a yi hoto, kuɗin ambulan ɗaya zai sayi kwalin haɗi da kayan aikin aji guda.

In kuma za a yi gasa, muna roƙon a canja ma'aunin cin ta. Kada a ba wanda jirginsa ya fi girma ko ya fi ƙyalli. Kowane yaro ya kawo samfurinsa da zanensa. A karɓi zanen a miƙa wa wani yaro daga wata unguwa wanda bai taɓa ganin samfurin ba, a ba shi mako biyu. In ya dawo da abin da ya yi daidai da na farko a kan rula, mai zanen ya ci, mai haɗawar ma ya ci. Ranar da ɗan Ƙofar Doka ya zana, 'yar Ƙofar Kona ta ƙera, fiffike ya shiga gurbinsa babu tsaga, ranar Zariya ta fara abin da shekaru sittin na kallon sama ba su ba ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.